Hel a Aljihun Jallabiya

Talata, bayan Azahar

Na je sito da safe kamar kullum. Na dawo da wuri. Na ce wa matata Mastura kaina ke ciwo, ta haɗa mini shayi da na'ana'a, na sha. Ba wani abu.

Talata dai, bayan La'asar

An canza kwaɗon ƙofar sito. Kwaɗon ma bai sayi na kirki ba. Irin na banzan nan ne da ake zubawa a tire a kasuwar Bab Makka, guduma ɗaya ta ishe shi. Ban taɓa shi ba. Na tsaya ina kallonsa, 'yan dako suna kallona, direban tirela yana ta danna hon yana jiran a buɗe masa. Na ce masa yau ba a sauke kaya, na juya.

Aikin Nayef ne, ɗan marigayi kafilina, ɗan ƙasar da nake zaune a ƙarƙashin sunansa. Ubansa bai yi wata biyu a ƙasa ba. A takarda sito na ubansa ne, haka muka ƙulla tun farko, don baƙo ba ya sa sunansa a irin wannan. Amma duk wanda ya san tashar jiragen ruwa ya san wanda ya fara da buhu a ka, ya sayi amalanke, ya sayi mota, ya kafa rumfa har ta zama sito. Ni ne, Muntaka mutumin Gumel, da na sauka a garin nan da jaka ɗaya da karatun aji uku na sakandare. Yaron nan a kafaɗata ya fara ganin teku.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. 'Yata Sajida ce. Ƙarshen watan gobe za ta tafi Iskandariyya ta Masar karatun digirin dakta. Iƙamarta, takardar izinin zama, a jikin tawa take, tawa kuma yanzu tana hannun Nayef. In tawa ta mutu tana can, ba ta da ƙofar dawowa Jidda, garin da aka haife ta, wanda ba ta san wani ba. In ta ji labari ba za ta taka jirgi ba, na san halinta. To ba za ta ji ba. Sajida za ta tafi.

Laraba, hantsi

Na sa farar jallabiya, na ɗauki makullai, na fita a lokacina. Na ci ful da tamis, wato wake da burodi, a unguwar Ammariyya, wurin da ba a san ni ba. Na karanta jarida har tallace-tallace. Ashe safiya tana da tsawo haka.

Juma'a, bayan cin abinci

Malamar Sajida, Daktora Maha, ta gaya mata cewa da ta isa za a zaunar da ita gaban manyan malamai ta bayyana abin da za ta bincika. Ta ce in tana son sanin ko ta riƙe aikinta da kyau, ta bayyana wa wanda ba ɗan jami'a ba har ya gane. Sajida ta zaɓe ni. Na ce na yarda, amma da Hausa. Larabcin jami'a ba irin na tasha ba ne, kuma ba na son 'yata ta ga ina laluben ma'ana a fuskarta. Wannan ban faɗa mata ba. Na ce don harshenta ya warware ne. Tana jin Hausa tas, amma in za ta yi magana sai ta riƙa ɗauko kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Bincikenta a kan Rumawa ne dai, waɗanda muke jin sunansu a wurin tafsiri. Daular da ta kewaye teku guda, daga Sham har Magrib. Ita ba ƙarfinsu ya dame ta ba, ƙarshensu ne. Ba ma yaƙe-yaƙen ba, mutanen da suka zauna suka rubuta tarihin wancan lokaci. Na ce me za a bincika a abin da an riga an rubuta, ai karantawa kawai za a yi.

Ta ce, "La ya Abuya. Marubuci yana da sarki a kansa, yana da tsoro, yana da, ya'ani, kunya. Ni ina karanta abin da ya faɗa, sannan in karanta abin da ya ƙi faɗa."

Na ce wannan ai aikin 'yan sanda ne. Mastura daga kicin ta ce aikin matan aure ne. Suka yi dariya. Ni ma na yi.

Na zauna ina kallonta tana jujjuya littafin Latin, harshen da ta fara koya wa kanta a waya tun tana sakandare. Lokacin da ta ce tarihi za ta karanta, abokaina sun ce in tura ta aikin jinya, a samu abin yi da wuri. Na ce musu ni na yi dako ne don kada yunwa ta zaɓa wa 'yata karatu. Har gobe ina kan bakana.

Lahadi, Azahar

Na je gidan su Nayef. An ce ya fita. Motarsa tana ƙofa.

Litinin, bayan Magariba

Yau ya gan ni. Ya ba ni gahawa da dabino, ya kira ni Ammi, wato baffa, har kaina ya sumbata. Ya yi ta magana a kan doka da bincike da yadda zamani ya canza, wai tsoro yake ji a kama shi da abin da tsofaffi suka ƙulla. Na bar shi ya gama. Tambaya ɗaya na yi, ta iƙama. Ya ce, "Halas ya Ammi, nemi wanda zai karɓi kafalarka kafin iƙamar ta ƙare. Ni zan amince, wallahi ba zan tare maka hanya ba." Ya faɗa kamar mai yi mini alheri.

Ban ɗaga murya ba. Na shanye gahawar, na girgiza ɗan kofin alamar ta ishe ni, na tashi.

Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba.

Laraba, La'asar

Mastura tana ware wanki, ta kai jallabiyata hanci, ta ce, "Abu Sajida, kayan hel sun daina shigowa ne? Kwana biyu rigarka ba ta da warin sito." Na ce jirgi ne ya makara.

Tun da na fara ajiyar hel, ɗan koren nan da ake jefawa a gahawa, ƙamshinsa bai bar jikina ba. A masallaci ana gane ni kafin a waiwayo. Sajida tana ƙarama, in na dawo sai ta cusa fuska a aljihuna. Na tsara lokacin fita, na tsara lokacin dawowa, na manta mutane suna da hanci.

Na sauka Bab Makka na sayi ɗan ƙulli wurin wani ɗan Yaman, ni da nake sauke shi kwantena-kwantena. Ya rantse mini lamba ɗaya ne. Na gutsura na ji na bara ne. Na murƙushe kaɗan na zuba a aljihu.

Ina juyowa sai ga Abdulwahid a ƙofar shagonsa na yadi. Haifaffen nan ne, kakansa da ƙafa ya zo hajji daga ƙasarmu, shi kuma yana da takardar ɗan ƙasa. Yana saurayi na ɗauke shi ƙirgar buhu a sito, na same shi yana barci a kan kaya, na kore shi a gaban mutane. Ko yau haka zan yi. Yanzu babban mai shago ne. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ja ni ciki, ya sa a kawo shayi. Ya riga ya ji. Ashe duk kasuwa ta ji. Ya ce in mayar da kafalata kan shagonsa, dama yana neman babban mutum da zai tsaya a kan yadi. "Abu ne na waya, ya Mu'allim, kafin ka gama shayin nan."

Na ce na gode, ina da wuraren da nake dubawa. Ni in riƙe almakashi a ƙarƙashin yaron da na koya wa ƙirga buhu? Ban kai nan ba.

Alhamis, bayan La'asar

Darasi na biyu. Sajida ta nuna mini hoton wani kwabo na tagulla a kwamfutarta. A jikinsa an rubuta da Latin wai zamanin jin daɗi ya dawo. Ta ce an buga irinsa birjik a shekarun da iyakoki ke tsagewa, masu neman sarauta suna kashe juna. Haka ma masu jawabin yabo a fada, wai a nan za ka lura: inda kirari ya yi tsawo, tsaya ka duba me ya faru a shekarar. Ta ce lokacin da abubuwa ke tafiya daidai ba wanda ya damu ya buga a ƙarfe cewa suna daidai.

Na ce ko a tasha haka ne, dillalin da ya fi kowa rantsuwa shi ne kayansa suka jiƙe. Ta rubuta maganata a gefen takardarta, ta ce za ta faɗa a gaban malamai. Na ce ta tabbata ta faɗi sunana da garinmu.

A wurin cin abinci na ba su labarin sito. Kwantena daga Indiya, rigimar masu duba kaya, direban da ya ja da baya ya kusa rushe katanga. Na ba da labarin da kyau, har muryar direban na kwaikwaya. Mastura ta ƙara mini miya.

Asabar, hantsi

Na je wurare biyu. Ɗaya ya ce shekaruna. Ɗaya ya ce in dawo bayan hajji.

Lahadi

Sajida za ta tafi.

Talata, Azahar

Na bi ta gaban sito a tasi, ban sauka ba. An cire allon, an shafa sabon fenti. Shuɗi. Wa ke shafa wa sito shuɗi?

Na zauna a masallaci a unguwar Balad har aka kashe na'urar sanyi. Wani ɗan Nijar da ya taɓa yi mini dako ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya ji, Allah ya musanya da alheri, ya miƙo mini ruwan gora. Na karɓa. Na ce masa hutu na ɗauka.

Alhamis, bayan La'asar

Yau mun yi gardama da Sajida. Ta ce malaman wannan fanni sun kasu. Wasu sun ce daular faɗuwa ta yi, gidaje suka ƙone, hanyoyi suka mutu. Wasu sun ce ba faɗuwa ba ce, kama ta sauya a hankali. Sarkin ƙarshe na yamma yaro ne. Wani kwamandan soja baƙo ya sauke shi, bai ma kashe shi ba, ya tura shi wani gida a bakin teku ya zauna. Masu rubuta tarihin shekara-shekara suka ba abin layi ɗaya ko biyu suka wuce. Washegari mai burodi ya gasa burodinsa.

Na ce faɗuwa ce. Ta ce ya danganta da wanda ka tambaya. Na ce ki tambayi wanda aka canza wa kwaɗo. Na ji muryata ta hau, na mayar da ita ƙasa.

Sai ta kawo maganar baƙi. Mutanen da suka tsallako kogi suka shiga daular, suka yi mata soja, suka yi mata noma da dako, 'ya'yansu aka haife su a ciki, suna jin Latin fiye da harshen iyayensu. Amma in marubuci zai ambace su, da sunan ƙabilar kakanninsu yake kiransu. Kusan duk abin da aka sani a kansu daga bakin masu gida ya fito. Ta ce babi na uku ke nan, shi ne wanda ta fi so. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Asabar, hantsi

Hel ya ƙare, na sake saye. Na bi ta bayan layi don kada in wuce ta gaban shagon yadi.

Litinin, bayan Magariba

Ta sani.

Na dawo a lokacina, na zauna, na fara labarin wani jirgi da ya shigo. Ta bari na kai tsakiya. Sai ta sa hannu a aljihun jallabiyata kamar lokacin da take ƙarama, ta ciro, ta buɗe tafin hannunta a gabana.

"Abuya, tun da nake ba ka taɓa zuwa gida da hel a aljihu ba. Ko ƙwara. Kai ne kake cewa kayan mutane amana ne."

Na ce daga buhu ya zube.

"Warin sito ba hel kaɗai ba ne. Akwai algarara, akwai hayaƙin tireloli, akwai gumi. Wannan ƙamshin shago ne."

Ta tsaya neman kalma, ta rasa, ta zarce da Larabci, sannan ta dawo Hausa don ta san sharaɗina. Ta ce duk tsawon rayuwarta in an tambaye ni yaya aiki, "aiki ne" kawai nake cewa in ja faranti. Kwanakin nan kuwa kullum da labari, kullum da kwantena, har da kwaikwayon direba. "Ka buga mini kwabo, Abuya. Zamanin jin daɗi ya dawo."

Na dubi Mastura. Ta ce kada in dube ta, ita tun ranar ciwon kai ta gane, ba ta gaya wa kowa ba, yarinyar da kanta ta karanta ni.

Na faɗa musu, a taƙaice. Sajida ba ta tambayi sito ba, kai tsaye iƙama ta tambaya. Na faɗa. Ta ce to ba ta zuwa. Za ta sanar da Daktora Maha, za ta nemi koyarwa a makarantar yara. Na ce a gidan nan ni ke yanke magana. Ta ce haka ne, amma ƙafarta ce za ta hau jirgi. Ta shiga ɗaki.

Ni na tura ta koyon wannan sana'a, ga shi a kaina aka gwada.

Talata

Ta fito da littattafan daga akwati ta jera su a kabad.  

Laraba, hantsi

Ban fita ba. Fitar ba ta da wanda za ta ruɗa yanzu. Gidan ya yi mini kaɗan.

Mastura ta zauna kusa da ni tana tsinkar ganyen mulukiyya, lalo ke nan a wurinmu. Ta ce matar Abdulwahid ta kira ta tun makon jiya. Na ce kada a ambaci sunan nan a gabana. Ta ce to, ba za ta ambata ba, sai dai in tuna da na zo garin nan buhu na ɗauka a ka, ban mutu ba, kuma a lokacin ta aure ni. Ta ce almakashi ya fi buhu sauƙi. Na ce ba nauyi ne matsalar ba. Ta ce ta sani.

Alhamis, bayan La'asar

Lokacin darasi ya yi, na zauna a wurina na kira Sajida. Ta fito ba littafi. Na ce babi na uku fa, baƙin nan da ba a ji ta bakinsu ba, wa zai tono maganarsu in ta zauna tana koya wa yara baƙi da wasali? Ta ce wani zai yi. Na ce wani ɗan masu gida. 

Sannan ta ce, "Ni ba zan tafi a rufe ƙofa a bayana ba, ku kuna ciki ni ina waje. In ƙofa a buɗe take, zan tafi. Ummi ta gaya mini akwai wanda ya ce zai karɓi kafalar."

Na ce ba ta san abin da take nema a wurina ba.

"Na sani, shi ya sa ban nema ba. Ka yi dako sau ɗaya saboda ni, ban ce ka sake ba. In ba za ka iya ba, halas, ba laifi. Ina nan tare da ku."

Ba gatse a muryarta. Da ma da gatse ta faɗa.

Juma'a

Na yi sallah a sahun baya.

Asabar, Azahar

Na wuce ta gaban shagon Abdulwahid, na kai har wurin masu turare, na dawo, na sake wucewa. Ina shirin wucewa kuma sai ya fito ya tare ni. Ban bari ya fara ba. Na ce aiki na zo, ba shan shayi ba. Ba na son kujera a gefe a ce ana girmama tsoho. A ba ni mita da almakashi, a gaya mini lokacin buɗewa. Kuma in ya same ni ina barci a kan kaya ya kore ni a gaban mutane.

Ya yi dariya har ya dafa bandir ɗin shadda. Ya ce, "Wallahi ya Mu'allim, tun ina saurayi nake jiran wannan damar." Ya ɗauko waya. Nayef ya amince kafin shayi ya huce. A nan dai ya cika alkawari, na rubuta masa.

Sana'ar da aka sa mini a iƙama ita ce mai sayar da kaya. Na karanta, na sake karantawa.

Da na koma gida na ajiye wayar a gaban Sajida ta gani da idonta, don na san ba ta yarda da labarin baka. Ta duba sunan, ta duba kwanan wata, kamar yadda take duba kwabon nan nata. Sannan ta sumbaci kaina, ta daɗe ba ta ɗago ba. Na ce ta je ta mayar da littattafai akwati, jallabiyar nan wankakkiya ce kada a jiƙa mini.

Talata, bayan Magariba

Ƙafafuna. Ban san tsayuwa wuri ɗaya ta fi dako wuya ba. Na yanke atamfa a karkace, wata Hajiya mai umara ta ce a kira mata wanda ya iya. Na kira.

Ɗan Nijar ɗin nan ya wuce ya gan ni da mita a wuya, ya kau da kai don kada in ji kunya. Na kira shi da ƙarfi na gaishe shi, na ce in matarsa tana son yadi ya san inda zai zo.

Lahadi, La'asar

Mun kai ta filin jirgi. Bizar fita da dawowa tana wayarta, na sa ta nuna mini a mota, na sa ta sake nuna mini a layi. Mastura ta cusa mata yaji da kuka a jaka kamar babu abinci a Masar. Sauran hel ɗin Sajida ta ƙwace, ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce shaida ce, mai tarihi ba ya zubar da shaida.

Ban yi kuka ba. Na koma shago, don rabin yini na nema.

Alhamis, bayan La'asar

Ta kira. Ta zauna gaban malaman jiya. Da maganar dillali ta buɗe, ta faɗi sunana da Gumel, wai wani tsohon malami ya tambaya ko a wace jami'a nake. Shi ne kuma ya ce babi na uku ya yi faɗi, ta rage shi. Ta ce masa za ta yi tunani. Ni kuma ta ce mini ba za ta rage ba.

Ta tambayi Umminta, ta tambayi zafi. Sannan ta ce, "Abuya, yaya aiki?"

Na ce aiki ne.

Ina jin hon ɗin motocin Iskandariyya a bayanta. Ta ce, "To. Yanzu na yarda."